Kaktus mai faifai: a yi shingen gona da shi ko a bar shi a tukunya?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Shekara uku ke nan awaki suna cinye mini rogo a gonata ta bayan gari. Na yi darni, gara ta ci. Na ja waya, aka kwance aka yi gaba da ita. Jiya na tsaya wajen masu sayar da fulawa a bakin titi, na ga wata shuka a tukunya, ganyenta kamar ƙananan faya-fayai an ɗora wani a kan wani, ga ƙaya rawaya, ga 'ya'ya jajaye masu kama da ɓaure. Yaron ya ce kaktus ne, ba ruwansa da ban ruwa, ko yar da shi ka yi zai kama. Ga hotonsa nan na ɗora. Nufina in zagaye gonar da shi. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Ɗan Autan Zaure: Baba ai wannan ƙerana ce aka laƙaba mata sunan Turawa don a tsuga maka kuɗi. Ka zo ƙauyenmu ka sara kyauta.

Ɗan Jos: Auta ba ka san ƙerana ba ke nan. Mu da muka tashi a Filato, inda ƙauyuka da yawa da ita aka kewaye gidaje da gonaki, mun san ta. Ƙerana a tsaye take kamar ginshiƙi mai kusurwa-kusurwa, kuma da ka yanke ta farin nono zai tsatso. In ya shiga ido sai dai Allah. Wannan na hoton daban ne.

Malamin Tsirrai: Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗan Jos ya yi gaskiya, kuma gwajin da ya faɗa shi ne mafi sauƙi: a yanka a gani. Ƙerana da tinya da aguwa duk dangi ɗaya ne, Euphorbia, 'yan asalin nan ne, kuma duk suna da farin nono mai guba. Na hotonka in ka yanka shi, ruwa mai yauƙi za ka gani kamar na kuɓewa. Kamannin da suke yi da juna zaman wuri mai fari ne ya jawo, babu dangantaka ta kusa a tsakaninsu.

Kaktus na gaskiya, mai nau'i sama da 1,500, duk 'yan nahiyar Amurka ne. Ɗaya tak ake samu a matsayin ɗan gida a wajen can, wato Rhipsalis baccifera, mai rataye a jikin bishiyoyi a dazukan Afirka masu ruwa da Madagaska da Siri Lanka. Saboda haka duk kaktus mai faifai da ka gani a ƙasar nan, wani ne ya kawo shi ko ya kawo kakansa.

Na hotonka kuwa, daga tsarin faifan da rawayar ƙaya da launin 'ya'yan, ya yi mini kama da Opuntia stricta. Gidansa na asali bakin teku ne: Fulorida da kudu maso gabashin Amurka, tsibiran Karebiyan irin su Kyuba, gabashin Meziko, har zuwa arewacin Kudancin Amurka. Yana son rairayi. Ba ya zama bishiya, tsayinsa ba ya cika wuce mita 2, sai dai ya yi ta rassa daga ƙasa yana faɗi har ya zama kurmi. Wani Bature ɗan Ingila, Adrian Haworth, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1803, ya kuma ba shi sunan da yake amsawa yanzu a 1812. Stricta da Latin na nufin miƙaƙƙe.

Shawarata a taƙaice: kada ka dasa. Dalilin zai zo, bari in idar da sallah.

Maman Fati: Lah! Wannan ba shi ne barshumi ba? Mun sha shi a Ɗa'ifa lokacin da muka je umara. Ana jera shi a kan ƙanƙara, mai sayarwa ya yanke kai da gindi, ya tsaga bawon ya miƙo miki. Daɗi kamar kankana da gwanda a haɗe, sai dai ƙwallaye sun yi yawa. Ni da rawar kai na ce a zuba mini a leda in je masauki in ɓare da kaina. Wallahi Malam kwana uku ina tsince abu a yatsuna. Ba ka ganinsa, sai ka shafa mayafi ka ji kamar an soka maka allura. Har a leɓe, don na kai hannu baki.

Malamin Tsirrai: Hajiya kin taɓo wurin da ya fi muhimmanci. Wanda kika sha ɗan'uwan na Alhaji ne, Opuntia ficus-indica. Shi ne Misirawa ke ce wa tin shauki, mutanen Habasha da Eritiriya su ce beles. Wancan ya fi girma, yakan yi gindi kamar bishiya, an daɗe ana nomansa a Meziko, kuma 'ya'yansa sun fi zaƙi nesa ba kusa ba. Na Alhaji 'ya'yansa ƙanana ne, ja mai duhu, da tsami-tsami. Amma abin da ya soke ki duk suna da shi.

Ku ƙara girman hoton ku duba. A jikin kowane faifai akwai ɗigo-ɗigo a jere, kamar an yi masa zane. Kowane ɗigo ɗan gurbi ne, kuma wannan gurbin shi ne tambarin dangin kaktus kaf, ƙerana ba ta da shi. Daga cikinsa ƙaya take fitowa, daga cikinsa fure yake fitowa, daga cikinsa sabon faifai yake tsirowa. A cikin gurbin akwai ƙaya iri biyu. Akwai doguwar da kowa ke gani yana kaucewa. Sannan akwai wani tulin gashi gajere, rawaya, mai kama da ƙaiƙayin gero. Kowane sili yana da ƙananan ƙugiyoyi masu kallon baya, irin na bakin ƙugiyar kamun kifi. Shiga sauƙi, fita wuya, kuma da an taɓa shi yake cirewa daga jikin shukar. Masana suna kiransa glochid. Ƙarangiya a gabansa wasan yara ce.

Abin da Alhaji ya kira ganye kuma ba ganye ba ne, kara ne da ya baje ya zama rumbun ruwa. Ganyen gaskiya yana nan, amma sai ka sa ido: a jikin sabon faifai za ka ga wasu 'yan tsinkaye kore masu laushi, kamar ƙwayar shinkafa mai tsini. Ba sa daɗewa suke zubewa. Ita kanta ƙayar, asalinta ganye ne da ya sauya.

Ɗan Autan Zaure: To Malam in ba shi da ganye da me yake cin abinci? A makaranta an ce mana ganye ne kicin ɗin shuka.

Malamin Tsirrai: Koren faifan ne ke yin aikin. Kuma yana da wata dabara da ni har yau take burge ni. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙofofin numfashinsu su shaƙi iskar kabon, a nan ne kuma ruwa ke tsere musu. Shi wannan da rana rufe ƙofa yake yi ruf. Sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, ya buɗe ya shaƙa, ya adana iskar a jikinsa a siffar wani sinadari mai tsami. Gari na wayewa ya kulle, ya warware abin da ya tara, ya haɗa abincinsa da hasken rana. Shi ya sa faifan da aka yanka da asuba ya fi wanda aka yanka da la'asar tsami. Abarba ma haka take yi. Saiwarsa kuma ba ta nitsewa, a sama-sama take bazuwa, yayyafi kaɗan ya ishe ta.

In ya yi fure ka gwada wani abu, Auta. Furen rawaya ne, babba. Ka sa tsinke a hankali ka taɓa zaruruwan da ke tsakiya, za ka ga sun lanƙwaso ciki da kansu. Haka suke shafa wa ƙudan zuma garin fure.

Injiniya: Malam, da girmamawa, ni ban gamsu da "kada ka dasa" ba. Duk abin da ka lissafa yabo ne. Shuka ce da ba ta son ruwa, tana kamawa a rairayi, tana tsare gona, ana cin 'ya'yanta. Mu da hamada ke cin Yobe da Jigawa da Sakkwato, me muke nema da ya wuce wannan? A arewa maso gabashin Burazil manoma gonaki guda suke yi na kaktus don ciyar da shanu lokacin fari. A Tunisiya ma haka. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙarfafa nomansa a ƙasashe masu fari. Meziko har a tutarsu suka sa shi, gaggafa a tsaye a kansa, kuma suna yanka ɗanyen faifan su dafa kamar kayan miya. Darbejiya ma ai baƙuwa ce daga Indiya, yau wa zai ce a sare ta? Mun cika tsoron sabon abu.

Malamin Tsirrai: Injiniya duk abin da ka faɗa haka yake. Amma waɗanda ake nomawa don dabbobi zaɓaɓɓun iri ne marasa ƙaya, a gonar da ake kula da ita, ana yanka ana kai wa dabba. Alhaji kuwa mai ƙaya yake so, don ƙayar ce ma ta ja shi, kuma a bakin gona zai dasa inda dabbobi ke wucewa. Bari in ba ku labarin Ostireliya, don su ma shinge suka nema.

Turawan da suka zauna can sun shigo da irin wannan a ƙarni na 19. Wasu don ado a tukunya, wasu don shinge, wasu don dabbobi su samu abin ci lokacin fari. Aka yi ta ba juna kyauta, maƙwabci ya yanko wa maƙwabci. Kafin 1925 ya mamaye kimanin hekta miliyan 24 a jihohin Queensland da New South Wales. Ku kwatanta: kusan girman ƙasar Ghana gaba ɗaya ke nan. A wurare da yawa ya yi cunkoson da doki ba ya ratsawa. Kowace shekara yana ƙara cin kusan hekta 400,000. Mutane suka bar gidaje da gonaki suka tashi, don kuɗin share fili ya fi kuɗin filin kansa.

Babu abin da ba su gwada ba. Sun sare, kowane guntu ya zama sabuwar shuka. Sun ƙone, abu ne mai cike da ruwa, wuta ba ta cinsa da kyau. Sun fesa gubar asenik. Har lada aka sa ga wanda ya kashe hankaki ko jiminar can da ake kira emu, saboda suna cin 'ya'yan suna kai irin wani wuri.

Ɗan Autan Zaure: Ikon Allah. Hankaka ya ci 'ya'yan itace ya ja wa kansa hukuncin kisa. To yaya suka ƙare?

Malamin Tsirrai: Tsutsa ce ta cece su. A 1920 gwamnati ta kafa hukuma musamman don wannan annoba, ta tura masana ƙwari nahiyar Amurka su nemo abin da ke cin kaktus a gidansu. A 1925 aka kawo ƙwai kusan 3,000 na wani ɗan malam-buɗe-littafi mai tashin dare daga Ajantina, sunansa Cactoblastis cactorum. Macen tana jera ƙwanta ɗaya kan ɗaya har su zama ɗan sanda mai kama da ƙaya. In sun ƙyanƙyashe, tsutsotsi masu ruwan lemo da baƙin ɗigo su huda faifan su shige, su cinye cikin, ya ruɓe ya zube. Aka hayayyafa su aka fara saki a 1926. Zuwa wajen 1933 yawancin kurmin ya rushe, mutane suka koma gonakinsu. Don murna, a wani ƙauye mai suna Boonarga a Queensland, ɗakin taro suka gina suka sa masa sunan tsutsar. Yana nan har yau.

Injiniya: To ai ka kawo maganin da bakinka. In ya yi yawa sai a kawo tsutsar.

Na Nairobi: Yaya Injiniya bari in sa baki, don ni na gani da idona. Aiki ya kai ni yankin Laikipia a Kenya, wajen garin Dol Dol, ƙasar makiyaya Masai. Tun zamanin mulkin mallaka aka kai wannan kaktus can, aka dasa don ado da shinge. Yau in ka tsaya a kan tudu, iya ganinka shi ne, kore shar a tsakiyar fari, ka rantse albarka ce. Sai ka matsa kusa da garke.

Wani dattijo ya kamo mini akuya ya buɗe bakinta. Leɓen ya kumbura ya yi tauri, dasashin duk gyambo, ga jan ruwan 'ya'yan ya rine mata gemu. Awaki suna son 'ya'yan sosai, ƙaiƙayin nan kuma yana maƙalewa a leɓe da harshe har cikin tumbi. A hankali akuya ta kasa kiwo, ta rame, ta mutu alhali ga ciyawa. Na ga wadda ƙaya ta tsiyaye wa ido wajen cusa kai ta ciro ɗa. Ya ce in sun yanka irin waɗannan, kayan cikin ma ba sa ciyuwa.

Masu yaɗa shi kuma ba wanda zai hana su: giwaye da gwaggon biri da tsuntsaye. Su ci a nan, su kasayar da irin a can, da takinsa a haɗe. Giwaye har kusa da gidaje suke biyo shi. A Gandun Kruger na Afirka ta Kudu ma haka aka sha fama da shi.

Ɗan Ardo: Na Nairobi Allah ya saka. Ina karantawa tun ɗazu ban ce komai ba. Baba Alhaji, na san zafin a cinye maka amfanin gona, ba na kare mai sakin dabba. Amma ka duba, shingen ba a gonarka zai tsaya ba. Saniya ta goga ta ɓalle faifai ɗaya, ya maƙale a jelarta, ya faɗi a burtali. Ruwan sama ya ja wani ya kai fadama. Shekara goma, kai ka sayar da gonar ma wataƙila, mu da 'ya'yanmu muna cire ƙaya a bakin dabbobi. Da awakin gidanka a ciki. Burtalin da ya rage mana guda nawa ne?

Injiniya: Wannan magana ce. Amma har yanzu tambayata tana nan, su Kenya me ya hana su kawo tsutsar?

Na Nairobi: Wani ƙwaro daban suka kawo, tare da masanan CABI, wata cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa. Ɗan mitsitsi ne, yana lafewa a jikin faifan ya lulluɓe kansa da farin abu kamar auduga, yana tsotse ruwan har shukar ta bushe. In ka murtsuke shi da yatsa, ja wur kamar jini. Yana aiki, na ga wuraren da kurmin ya zube. Amma a hankali ne, kuma sai mutane sun riƙa ɗaukar faifan da ya kamu suna kaiwa inda bai kamu ba. Wasu ƙungiyoyin mata kuma suna yin lemo da 'ya'yan, wasu suna niƙa faifan su yi gas na girki.

Malamin Tsirrai: Sunan ƙwaron Dactylopius opuntiae. Ɗan'uwansa ne ake kiwo a Meziko da Peru don jan rini tun kafin zuwan Turawa. Injiniya, maganin ƙwaro yana aiki, mu ma shaida ne: da farin ƙwaron rogo ya addabi Afirka, wani ɗan zanzaro aka kawo daga Kudancin Amurka, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fara sakinsa a 1981, rogo ya tsira. Amma ƙwaro ba ya karanta takardar izini. Tsutsar da Ostireliya ta gina wa ɗaki, an kai ta tsibirin Nevis a Karebiyan a 1957 don ta yi irin wannan aiki. Ta yi ta tsallake tsibirai, a 1989 aka gan ta a Fulorida, inda kaktus ɗan gida ne, har da nau'o'in da suka kusa ƙarewa. Shi Opuntia stricta da kansa tana cinsa a gidan ubansa. Meziko kuma hankalinta a tashe, don a can abinci ne da sana'a. Shi ma ƙwaron da aka kai Laikipia, wani jinsinsa ya ɓulla a Maroko a 2014 ya yi wa gonakin masu noman 'ya'yan kaca-kaca. Abin da ya zama magani a Laikipia shi ne annoba a can.

Irin ɓarnar da ya yi a Ostireliya da Kenya ce ta sa sunan Opuntia stricta yake cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta fitar.

Maman Fati: Malam tambaya ta gefe. Jan nan nasa irin na zoɓo ne? Na ga a bidiyo ana lemo da shi.

Malamin Tsirrai: A ido kamar ɗaya, amma sinadarin daban ne Hajiya. Nasa irin na jan alayyafo ne. In mutum ya sha da yawa fitsarinsa yakan yi ja, kada ya firgita. Abin kiyayewa shi ne ƙwallayen, suna da tauri, in aka cika ciki da su sukan ɗaure shi. Taurin nan ne ma ke sa irin ya yi shekaru a ƙasa yana jira, ka share fili ka ce ka gama, bayan damina biyu ka ga 'yan ƙanana.

Injiniya: Na sauka daga kan mai ƙaya. Amma maras ƙaya don ciyar da dabbobi, ina nan a kan bakana, ya kamata cibiyoyin bincikenmu su gwada shi a killace.

Malamin Tsirrai: A killace, na yarda. Da sharaɗin a riƙa yanka kafin ya yi 'ya'ya, don wanda ya tsiro daga iri yakan dawo da ƙayar kakanninsa. Afirka ta Kudu ta ga haka.

Ɗan Jos: Alhaji ka nemi aguwa kawai. Sara ake a kafa, ba ta son ruwa ita ma, akuya ba ta damu da ita ba, kuma kakanninmu sun san halinta. A Nijar har tudun rairayi ake tsayarwa da ita. Ko ka haɗa da bini-da-zugu. Ka dai kiyaye idon yara da nonon.

Baban Sadiq: Jama'a na gode, Allah ya ƙara sani. Ɗan Ardo maganarka ta shige ni. Sai dai akwai abin da ban faɗa ba tun farko. Na riga na sayi tukunya uku jiyan. Wajen saukewa daga mota faifai biyu suka ɓalle, Sadiq ya kwashe da shebur ya watsa a bola bayan gida.

Ɗan Autan Zaure: Innalillahi. Baba ka fara tara kuɗin gina wa tsutsa ɗaki.

Malamin Tsirrai: Alhaji a je a ɗauko su yau, kafin a kwashe bolar a kai gona a matsayin taki. Kada a sa hannu, ko da safar hannu ce ta yadi, ƙaiƙayin yana ratsawa. A kama da abin ɗaukar gawayi. Kada a daddatsa. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a jefa cikin wuta mai ƙarfi har su ƙone ƙurmus. Na tukunya in kana sha'awarsu ka ajiye a kan siminti, nesa da yara, ka riƙa cire 'ya'yan kafin tsuntsu ya riga ka.

Maman Fati: In kuma ya riga ya soki Sadiq, a liƙa salatif a wurin a fizge, sai a bi sauran da hantsaki a cikin rana. Kada ya sosa, kada ya kai hannu ido.

Baban Sadiq: Hajiya kamar kin sani, tun safe yake yarfe hannu. Ɗan Jos turo mini lambarka ta akwatin sirri, mu yi maganar inda zan samu aguwar da lokacin da ya fi dacewa a kafa ta.